Sandar Fatsa da Tubalin Yaya

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, gidanmu na Zaitawa ya koma gidan kallon-kallo. Gidan gado ne, na maigidana da wansa, wanda duk muke kira Yaya. Zaurensu ɗaya, rijiya ɗaya, rumfar huluna ɗaya a kasuwa. Yaya ya riƙe jam'iyyarsa hannu bibbiyu, har tuta ya kafa a kan soro. Maigidana kuwa, ko matse shi ka yi ba zai ce maka ga inda ya dosa ba, sai dai murmushi. Wannan murmushin ne ya jawo mana komai.

Kowace Lahadi da hantsi sai ya ɗaure naɗaɗɗiyar tabarma a jikin keke, ya ce zai je gaida mutane, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya. Ni kaina ban yarda da shi ba. Wace irin gaisuwa ce ake dawowa daga ita da taɓo a ƙafar wando? Na taɓa ɗaga tabarmar na ji nauyinta ya wuce na tabarma, kafin in kwance ya faɗo ɗakin ya karɓe, wai kayan mutane ne. Yaya shi tuni ya yanke hukunci: taron 'yan hamayya ƙaninsa yake zuwa a ƙauye.

Rannan sai ga tubali an jibge mana a tsakar gida. Yaya ya tsaya a kansu ya ɗaga murya yadda zan ji daga madafa.

"Ranar da na tabbatar, ranar za a ja katanga. Kowa ya fasa ƙofarsa."

Na auna da ido. Katangar za ta bar rijiya a ɓangarensa, ta raba 'ya'yana da nasa, yaran da a kwano ɗaya suke cin tuwo. Tsoro ya kama ni sosai. Na yi wa maigidana magana ta lallashi, na yi ta faɗa, ya ce in kwantar da hankalina. Da me zan kwantar da shi, ga tubali ina tuntuɓe da su kullum?

Wata Lahadi ina tankaɗe na jiyo ihun yara a lungu: "Tuta! Tuta!" Na leƙa ta ƙofar soro. Ga maigidana yana tura keke, a kafaɗarsa wata doguwar sanda da ta kusa ninka tsawonsa, ya naɗe samanta da ƙyallen da yake rufe huluna. Zaurenmu kuwa na mutanen dā ne, sai ka karya kwana kafin ka shiga. Sanda ta tokare, ta ƙi gaba ta ƙi baya. A nan Yaya ya same shi.

"To, alhamdu lillahi, yau ƙarya ta ƙare. Kwance mu ga launinta."

"Yaya, mu shiga daga ciki tukuna."

"A nan za ka kwance."

Ya kwance. Babu tuta. Siririyar sanda ce mai sheƙi, da 'yan zobba a jere, da wani ɗan ƙarfe mai naɗe zare, ga ƙugiya tana reto. Yaya ya daɗe yana kallonta.

"Fatsa? Kai, jikan liman, da gemunka, kake kamun kifi kamar yaran bakin kududdufi?"

Abin da maigidana yake gudu ke nan. Da aka samu aka karkato da ita tsakar gida, ya yi bayani kansa a ƙasa. Wani Bature mai sayen huluna ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Gida biyu ce, ana zura ɗaya cikin ɗaya, idan an raba sai ta shige tabarma. Yau yashin kogin Chalawa ya shiga mahaɗin, tun azahar yake ja ta ƙi rabuwa. Kifin kuwa, a can yake rabar wa mutanen ƙauye don kada a gane. Ni nan ne raina ya ɓaci. Duk watannin nan ina miyar kuka da daddawa zalla, ashe tarwaɗa ake kyauta da ita a bakin kogi!

Yaya bai gamsu ba. "Wa ya ce wannan ba za ta ɗauki tuta ba? Ni sanda ɗaya nake gani. In da gaske biyu ce, raba ta in gani."

Maigidana ya durƙusa, ya sa ta a bayan gwiwoyinsa, ya kama ta hagu da dama ya buɗa ƙafafu. Ko motsi. Ya ce a kawo man gyaɗa, ya shafa, hannunsa ya dinga zamewa. Gumi ya jiƙa masa riga. Yaya ya koma ya zauna kusa da tubalinsa yana gyaɗa kai.

Sai na tuna yadda muke yi idan kwanuka biyu suka cije. Na wanke man da toka, na jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi na naɗe wa ɓangaren da ya shige, na zuba ruwan ɗumi a kan wanda ya haɗiye shi. Na ce sauran ja, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Yaya ya yi kamar bai ji ba, can ya miƙe yana cewa don dai kada a ce ya hana gaskiya fitowa ne.

Suka fuskanci juna, kowa hannunsa ɗaya a wannan rabin, ɗaya a wancan. Rabon da in ga sun tsaya kusa haka har na manta. Na ce kada su murɗa, su ja kai tsaye. Suka ja, suka sake ja. Ji kake ɓus! Yaya ya tafi da baya ya zauna daɓas a kan tubali, rabin sanda a hannunsa, yashi yana zubowa daga bakinta.

Maigidana ya miƙa hannu zai karɓa. Yaya ya mayar da ita bayansa.

"Wannan tana wajena. Ranar Lahadi ka zo ka karɓa, mu tafi tare. Ina so in ga kifin nan da kake gaisarwa."

Haka kuwa aka yi, shekara da shekaru. Yaya bai taɓa jefa ƙugiya ba, sai dai ya zauna a tabarma yana ƙare wa duk wanda ya yi wa ƙaninsa sallama kallo. Bai taɓa cewa ya yarda ba, bai kuma sa an kwashe tubalin ba. Damina ce ta zo ta narkar da su, na sa aka kwaɓa ƙasar muka yaɓe bakin rijiya.