Aljanin da Ba Ya Son Salla

Ƙanena yana da shekara huɗu sa'ad da gidanmu a Malbaza ya yanke hukunci cewa aljanin da ke kansa kafiri ne. Hujjar Kaka mai ƙarfi ce: ba ya tashi sai ranar Juma'a da ranar Salla. Da an sa wa yaron shaddarsa, wadda ta sha ƙaro da bugu har tana iya tsayuwa ita kaɗai, sai ya faɗi yana birgima, yana yagar wuyan rigar, yana ihun da ke danne ƙugin motocin siminti.

Kowa ya kawo gudummawa. Kaka ta rataya masa laya. Igiyar ta goge masa wuya, ihu ya ƙaru, sai ta ƙara wata. Baba ya ce sangarta ce, ya gwada tsawa. Gwaggo ta turara shi har ya yi amai, ta ce ga mugun nan yana fita. Ni kuwa, ɗan kwaleji, na duba littafinmu na kimiyya bango zuwa bango. Akwai hanjin zomo a ciki, babu ƙanena.

Daga ƙarshe Kaka ta ce a kai shi wurin wani boka a Dogarawa, mai lulluɓe yaro da zane ya banka masa hayaƙin barkono. Inna ta taɓa ganin yaron da aka yi wa haka, amma ba a musu da uwar miji.

Ranar tafiya sai Inna ta ce shadda ba ta shiga mota ɗaya da awakin 'yan kasuwa, ta sa masa tsohuwar rigarsa mai laushi. Ta cire layun ma, wai kada boka ya ga aikin wani ya ji haushi.

A gaban boka yaron ya zauna yana wasa da ƙasa. Aka yi kirari, aka kaɗa ƙwarya, shiru. Kaka ta shiga rantsuwa cewa a gida yana tashi. Boka ya ce ai tun muna hanya aljanin ya ji sunansa ya gudu.

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ko a cikin ƙyallin shadda yaka ɓoyewa?"

Boka ya ce abin da yake shirin faɗi ke nan: a jiƙa duk sabon kaya har ƙaron ya fita, a rage layu, a daina hayaniya kusa da yaron.

Sallar da ta biyo, ƙanena ya je idi cikin riga kamar tsumma, ya zauna lafiya har aka shafa. Kaka ta aika wa boka zakara.