Farin Ɗantsoho

Ɗantsoho ya rufe idonsa na dama, ya lakato bula da ɗan yatsa, ya kaɗa cikin baho. Ruwan ya ɗauki launi a hankali, kamar sama tana shirin wayewa. Haka yake yi kowace safiya yanzu, ido ɗaya a rufe, kai a karkace kamar zakara ya hango shaho.

Wanki da guga ne sana'arsa tun yana saurayi, a wani ɗaki mai ƙofa biyu a cikin garin Daura. Bai taɓa ƙona rigar kowa ba, sai tasa. Amma sunan da ya yi, a tsufa ya same shi, kuma yanar ido ce ta kawo masa.

Yanar ta shigo ba sallama. Farar shadda ta fara yi masa kama da ruwan koko. Ya zargi sabulu, ya zargi ruwan rijiya, daga baya ya riƙa ƙara bula har sai rigar ta yi fari a idonsa. A idon jama'a kuwa riga takan fito da wani shuɗi mai sanyi, irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Ba wanda ya gaya masa, don abin ya burge su. Har daga Zango da Baure ake aiko da riguna a kan babur, ana cewa a yi musu "farin Ɗantsoho".

Da ganin ya dushe sosai, aka yi masa aiki a idon dama, aka cire yanar, aka sa masa ɗan gilashi garau a ciki. Juma'ar farko da ya je masallaci ya duba sahu, sai ya ga riguna duk shuɗi-shuɗi.

"Haulatu," ya ce wa matarsa da ya dawo, "wane mara tsoron Allah ne ya rine wa mutanen garin nan riguna?"

"Malam, ai da shi nake kwana," in ji ta.

Kunya ta kama shi. Ya rage bula, ya koma wanki fari fat. Ba a daɗe ba Malam Sha'aban, dillalin shanu, wanda ya fi kowa kawo masa aiki, ya dawo da babbar rigarsa a hammata.

"Ɗantsoho, wannan ai farin kowa ne. In shi nake so, gidanmu ma akwai sabulu."

"Ranka ya daɗe, wancan kuskuren ido ne."

"To a mayar mini da kuskuren. Da shi aka san ni a kara."

Riguna suka fara raguwa a kan igiya. Ya gwada maido da tsohon launin, amma sabon idon ya hana hannunsa. Wata rana ya yi kaɗan, wata rana ya zarce, riga ta fito kamar an tsamo ta daga marina.

Da lokacin idon hagu ya yi, likitar ido ta nuna masa wani gilashin mai ɗan ruwan ɗorawa. Ta ce yana tace wani kaso na shuɗin haske. Gani zai fito tas, sai dai fari kan ɗan yi ɗumi, shuɗi ya ɗan lafa, kuma yawancin mutane ba sa ma lura.

"'Yata, wato ƙanwar yana ce?"

"Baba, ko jikarta ba ta kai ba."

"Sa mini ita. Jini ba ya ɓuya."

Da ya warke, ya rufe dama ya duba shadda: ga ɗan ɗumin nan, siriri kamar gaisuwar nesa. Ya zuba bula har ta yi fari a hagu. Haulatu ta leƙo ta ce da saura. Sai ya ƙara lakato ɗaya, ya ce wannan sadaka ce ga marigayiya yana. Ma'aunin da yake bi ke nan har yau.

Wannan safiyar rigar Malam Sha'aban ce gwajin. Ta bushe, ta sha sitaci da dutsen guga mai gawayi. Dillalin ya ɗaga ta a bakin ƙofa, ya juya ta.

"Yauwa. Idonka ya sake lalacewa ke nan?"

"Rabi, alhamdulillahi."

"Allah ya bar mana rabin. Akwai sauran riguna a kan babur."

Ɗantsoho ya miƙe zai ɗauko, idon dama har yanzu a rufe, don ya manta da shi.

"Malam, buɗe idon nan," in ji Haulatu. "Mai ƙosai na waje. Jiya ma ta aiko tana tambaya ko da wata magana ce kake kashe mata ido."

Ya buɗe dama, ya rufe hagu, ya gyara hula, ya fita.