Na'urar ban-ruwan Kawu ta daina sandarewa

"Ta tashi! Wallahi ta tashi!" Ihun da na kurma ke nan a gonar Kawu Sale a Durba.

Na'urar ban-ruwa mai aiki da 'yar kwamfuta da na haɗa masa ce ke ta sandarewa, tumatir na bushewa. Ashe aikin da agogon kernel, wato zuciyar manhajar na'urar, ke tayarwa ne yake barci yana jiran wani aikin ya sakar masa makullin bayanai, alhali barci a wurin yana tsayar da komai. Na mayar da jiran wani layin aiki daban, inda barci ba ya tsayar da komai.

Kawu ya ce, "Me ya same ta?"

Na ce, "Kawu, mai tashin mutane sahur ne ya kwanta yana jiran a tashe shi."

Ya ce, "To, ja masa kunne. Tumatirina ba ya azumi."

Masu rubuta manhaja, wa irin wannan barcin ya taɓa wahalarwa?