Man da ya ƙare kafin Yoko

Ana idar da sallar asuba muka bar Briketeri, unguwarmu a Yawunde, ni da maigidana da jaririyarmu 'yar wata huɗu. Ranar Talata wani mai fataucin goro ya kawo saƙo cewa Inna, mahaifiyata, tana kwance a Yoko, kuma ba ta da magana sai ta son ganin takwararta, don ba ta taɓa ɗora ido a kanta ba.

Maigidana direban taksi ne, da tsohuwar Pijo. A unguwa tsokanarsa suke yi wai mai keke ma yana wuce shi. Ranar Laraba wuni ya yi a kan motar nan. Ya kwance buji, wato fulogogin injin, ya goge su ɗaya-ɗaya, ya kaɗe ƙurar matatar iska, ya bi tayoyi da famfo yana latsawa da yatsa. Ni ina ta zagaye a tsakar gida kamar in tashi sama. Ya ce mini, “In an haye kogin Sanaga babu tabbas ɗin gidan mai. Tanki cike da bidon ɗaya, jarkar nan ta mai, za su kai mu kafin la'asar, in dai ba mu yi gudu ba, ba mu yi nauyi ba.”

Nauyin ni na fara jawo shi. Kunya ta hana ni zuwa gida hannu wofi, na nace aka ɗora buhun gwaza da rabin buhun gishiri da kan ayaba biyu a saman mota. Ya dube su, ya dube ni, ya ɗauko igiya.

Mun wuce Tsinga gari bai gama wayewa ba. A Obala mata suka kewaye mu da bobolo, wato rogon da ake naɗewa a ganye, mai araha fiye da na Yawunde. Na saya ban iya ci ba. Allurar gudu tana kan sittin kamar an kafe ta da ƙusa. In mun zo gangara sai ya ɗaga ƙafa daga totur, in ya hango rami tun daga nesa yake sassautawa, ba ya taka birki da ƙarfi.

A bakin Sanaga muka daɗe muna jiran bak, jirgin da ke haye da motoci. Wasu direbobi sun bar inji yana ta kuka, shi kuwa tuni ya kashe nasa. A nan wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta ji inda za mu, ta ce, “Allah ya sa ki same ta, 'yata.” Kalmar nan ce ta shiga cikina ta ƙi fita.

Bayan Ntui hanya ta zama jar ƙasa, daji ya rufe mu dama da hagu. Wata babbar mota ta wuce mu, na fashe da kuka.

“Malam, don Allah ka taka. Uwata ce.”

“Ki yi haƙuri. In na taka, mai ba zai kai ba.”

“Da taka uwar ce, da ba ka tsaya lissafin mai ba.”

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Sai na ga allura ta haura tamanin. Injin ya riƙa gurnani a kan tuddai, yana birki a bakin ramuka yana sake takawa, buhuna suna dukan rufin mota. Raina ya yi sanyi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Da azahar ya juye bidon a tanki. Ba mu jima ba, muna hango dutsen Yoko can nesa, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Muka jira, babu abin da ya wuce sai motar katako, ita kuma ba irin manmu take sha ba. Na goya yarinya, ya kulle mota, muka kama hanya da ƙafa. Takalmina ya tsinke, na riƙe shi a hannu.

Rana na shirin faɗuwa muka shiga gari. A bakin layinmu muka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, da makara babu kowa a ciki. Yayata ta karɓi jaririyar daga bayana ta ce, “Har aka kira la'asar tana tambaya ko an ji ƙarar mota.” Gwazar da gishirin, da su aka yi abincin sadakar uku.

Bayan kwana bakwai muka juyo, da man da ya samu a kwalabe wajen wani ɗan kasuwa. Babu kaya a sama, allura a kan sittin, har ƙofar gidanmu a Briketeri da sauran mai a tanki. Bai taɓa tuna mini maganar da na faɗa ba.

Matan unguwa da suka zo gaisuwa sun ce lokacinta ne ya yi, kuma na yarda. Amma na san wanda ya san motarsa ya faɗa mini gaskiya tun a tsakar gida, ni ce na ƙi ji. Yanzu kowace safiya in ya durƙusa yana latsa tayoyi, ina fitowa da takwarar Inna a baya in riƙe masa famfon, ba na cewa ya yi sauri.