Taki a Gonar Jingina

Shekarar da na samu aiki a wani injin matsar man gyaɗa a Kazaure, na jinginar da gonar mahaifinmu da ke Roni. Ina son in kama haya in ɗauko matata, in sayi babur, in zama mutumin gari. Gonar ba tawa ba ce ni kaɗai, ba mu raba gado ba, yayata da ke aure a Gwiwa tana da haƙƙi a ciki. Na je na lallashe ta, na ce damina biyu ta yi yawa zan fanso. Ta ce, "To, kai ne namiji."

Wanda ya ba ni kuɗin wani Alhaji ne mai sayen hatsi a unguwarmu. Sharaɗin kowa ya san shi: yana noma gonar har ranar da na mayar masa da kuɗinsa cif. Ba ya karɓar rabi.

Injin bai kai ko'ina ba aka rufe shi, aka sallame mu da Allah ya sa mu dace. Daga nan gidana ya zama gidan faɗa, a kan cefane, a kan haya, wani lokaci a kan abin da ban ma iya tunawa. Ni ma ba haƙuri ne da ni ba. Muka rabu da matata, ta koma Babura da 'yarmu. Babur ɗin na sayar na biya bashin haya, na dawo Roni da katifa da buhun kaya.

Na yi dako a kasuwa, na yi leburanci wajen magina. Abin da na tara sai ya fara kauri, sai a aiko yarinya ba lafiya, ko takalminta ya tsinke. Ba zan ce na ji haushin 'yata ba, amma akwai ranar da na ga kiran uwarta na kifa wayar. Ko Alhaji na hango a masallaci sai in sake sahu, alhali bai taɓa yi mini maganar ba. Shirun nasa ya fi tsorata ni, don mai son kuɗinsa tambaya yake.

Da bazara ta gabato na bi ta wajen gonar, na ga an jibge taki tsibi-tsibi, ga sawun amalanke har bakin iyaka. A wajenmu ba a kai wa gonar jingina taki mai yawa, sai in mutum ya tabbata shi zai ci amfaninsa bana da baɗi. Alhaji ya gama yi mini lissafi ke nan, ya san ba ni da ranar biya.

Washegari shi da kansa ya tare ni. "Ina neman mai baza mini taki. Na ga ka fi kowa sanin wurin."

Na so in gaya masa baƙa. Na tuna aljihuna, na ce, "To, Alhaji."

Ina cikin aikin da hantsi, kwando a ka, sai ɗan acaɓa ya tsaya a bakin hanya. Yayata ce za ta shiga gari barka. Ta sauko tana tafe tana murmushi, har tana tuntuɓe a kunya.

"Alhamdu lillahi. Ka fanso ta ba ka gaya mini ba?"

"A'a, Yaya. Ƙwadago nake."

"Ƙwadagon wa?"

"Na Alhaji."

Ta daɗe tana kallon takin, tsibi bayan tsibi. Ita ma 'yar manomi ce, ba sai na yi mata bayani ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ka karya kuwa?"

Na ce na karya. Ta kwance ƙullin ƙosan da ta riƙo wa masu jego, ta ajiye mini a kan kunya, ta koma wajen ɗan acaɓan. Ina ji ta ce masa ya juya, Gwiwa za su koma.