Iliya Ya Faɗi a Filin Kudenda

Iliya ya rasu.

Da safen nan ƙanwarsa ta kira ni ina tsaye a bakin titi a Trikania, ina jiran keke. Na ce mata wane Iliya? Kamar ina da su da yawa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muke shirin wasanni a gidan rediyon da nake aiki. Ni nake haɗa shirin, shi yana kawo rahoto. Ba a ma ɗauke shi aiki ba tukuna. Haka yake zuwa kullum da jakarsa a baya, yana jiran ranar da za a ce an ɗauke shi.

A ofis ɗinmu kowa ya san wa ya ci wa. Iliya ba wannan ne ya dame shi ba. Shi so yake ya san me ke cikin 'yar rigar nan da 'yan ƙwallon Turai ke sawa ƙarƙashin jesi, mai auna gudu da bugun zuciya. Ta yaya kyamara ke gane ƙwallo ta tsallake layi? Burinsa ke nan, ya zama ɗan jaridar da zai riƙa bayyana wa mutanenmu na'urorin wasanni da Hausar da kowa zai gane.

Injiniya muke ce masa don tsokana. Amsawa yake da ƙarfinsa.

Ranar da kwamfutata ta cinye mini shiri gaba ɗaya ana dab da shiga studiyo, na zauna ina kuka kamar yarinya. Kujera kawai ya jawo ya zauna gaban kwamfutar. Shirin ya dawo.

Da aka sayo wa mamana na'urar auna hawan jini ta kasa gane kan na'urar, har gida ya zo. Ya liƙa jan salatif a kan maɓallin da za ta riƙa dannawa, ya ce, "Mama, ki manta da sauran, ba naki ba ne."

Watannin baya ya bi filayen unguwa ɗaya bayan ɗaya, Kakuri, Unguwar Sanusi, Sabon Tasha, da tambaya guda. Idan ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ba tare da wani ya taɓa shi ba, me kuke yi? Ko'ina amsar ɗaya ce: a zuba masa ruwa, a yi masa fifita. Ya samo wata likita ta bayyana cewa idan zuciya ta tsaya, ƙirji ake dannawa da ƙarfi ba tsayawa, kuma akwai wata ƙaramar na'ura mai farfaɗo da zuciya da ya kamata a ce tana bakin fili. Ya haɗa rahoto mai kyau. Wallahi mai kyau.

Oga ya saurari farkonsa ya kashe. "Iliya, mutane sakamakon wasa suke so. Kai wa masu shirin lafiya."

Masu shirin lafiya suka ce ai wannan na wasanni ne.

Na yi magana, na sake yi. Aka ce mini babu lokaci, alhali muna ɓata rabin shiri ana musu kan ɗan wasan da bai san akwai wani gari Kaduna ba.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Laraba ne, wajen mai gasa masara a ƙofar ofis. Ya karya tasa biyu ya miƙo mini babban ɓarin.

"Anti Rahila, ki ƙara taɓa Oga mana. Ko a ƙarshen shiri ne a saka."

Na ce zan ƙara.

"In aka saka wannan, ina ga za su ɗauke ni. Mama ta gaji da tambayata."

Ya hau keke yana cin masararsa.

Jiya da yamma ma'aikatan kamfanonin Kudenda suka tashi daga aiki suka haɗu a fili kamar kullum. Mutum ɗaya bai zo ba, Iliya kuma yana gefe yana ɗaukar bidiyo, sai suka ce ya shigo ya cike. Ana cikin wasa ya faɗi. Ba wanda ya taɓa shi.

Suka fasa masa ruwan leda a fuska. Suka cire riguna suna fifita. Wani ya ɗaga ƙafafunsa sama, wani ya ruga neman cokali a sa masa a baki. Da abin ya ƙi, suka ɗauke shi a keke.

Kafin su kai asibiti ya cika.

Ban ga laifinsu ba. Son shi suke, kuma abin da suka tashi suka ga ana yi shi suka yi. Ba kuma na ce da an danna ƙirjin lallai da ya tashi ba, wannan Allah ne ya sani. Abin da ke cin raina shi ne, mutum ɗaya ne a filin nan ya san abin yi, kuma shi ne a kwance.

Ɗazu ina zaune a gidansu wajen makoki Oga ya kira.

"Rahila, rahoton nan na yaron yana nan? Mu saka shi ranar Asabar."

Na fita waje don kada in yi ihu a gaban mutane. Na ce masa yana nan, kuma sunansa Iliya. Na ce ba za a yanke ko kalma ɗaya ba. Ya ce to.

Da na koma ciki na faɗa wa mamansa za a saka muryarsa. Sai ta ce wa ƙanwarsa ta cire batirin rediyon ɗakinta ta ɓoye.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Iliya, ka ba shi hutu a wurinka. Ka riƙe uwar nan, don mu ba mu da abin da za mu faɗa mata.

Duk wanda ya karanta wannan, ko coci kake zuwa ko masallaci, don Allah ka sa Iliya da mamansa a addu'arka yau.