Gaisuwar da ta kayar da Sanyi a Khumra

Ranar Asabar, 3 ga Maris 1984, na fara ganin Musbahu. Ni ne akawun sito a wani kamfanin firji da ke Khumra, shi kuma an kawo shi dako. Umara ya zo yi ƙasa mai tsarki, ya zauna. A Kura sana'arsa bugun rini ce, shi ya sa damatsansa suka yi kauri.

Kamfanin yana da ƙungiyar besbol mai suna Sanyi, wadda Filipinawa da wasu Amurkawa suka kafa a 1979. Wasa ne da ake jefo ƙwallo, mutum ya maka ta da sanda, ya zaga tashoshi uku da gudu ya dawo gida kafin a taɓa shi da ita a fitar da shi. Ni nake rubuta musu sakamako, kuma shekarun farko kusan duk kaye na rubuta. Ran nan cikin raha aka miƙa wa Musbahu sanda. Ƙwallon a bayan katanga aka tsinto ta.

Saboda wannan hannun kamfani ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, aka raba shi da dako. Sanyi ta fara cin wasa.

Amma akwai wando. Fari ne, ya ɗame cinya, rigar kuma a ciki ake cusa ta. Musbahu ya riga ya auri Zaituna, 'yar Alhaji Abdulghani, tela a unguwar Ruwais, dattijon da ko ruwa Musbahu bai taɓa sha a gabansa ba. A ofishina yake canja kaya, ya fito yana jan riga ƙasa.

"Akawu, idan Baba ya gan ni haka ina tsere da ƙarti, halas. Gara ƙasa ta tsage."

"Daga Ruwais me zai kawo shi Khumra?" in ji ni.

Gaisuwar mutuwa ce ta kawo shi. Wata Juma'a ce bayan la'asar a 1989, wasan ƙarshe na gasar kamfanoni, ana binmu ɗaya, kuma da an fitar da mutum guda an tashi. Musbahu ya buga mai kyau, ya wuce tasha ta biyu, ya wuce ta uku. Sai ga Alhaji ya biyo ta jikin wayar shingen fili da carbinsa, suka haɗa ido.

Musbahu ya ja birki, ya durƙusa a tsakiyar turɓaya, yana neman rufe gwiwa da rigar da ba ta kai ba.

"Baba, ina wuni?"

Kyaftin ɗinmu Bafilipine yana ihu, "Yalla ya Musbah! Yalla!"

Alhaji ya kau da kai ya dubi bangon sito. "Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba. Ya mutanen gida?"

Suna kan mutanen gida aka dawo da ƙwallo, wani ya zo a hankali ya ɗora masa ita a kafaɗa. 'Yan kallo suka kwashe da dariya. Alhaji ya wuce bai waiwayo ba. Ni da nake Bahaushe ɗaya a benci, kowa ni yake tambaya me ya faru. Na sunkuyar da kai, na rubuta an fitar da shi.

Musbahu bai sake sa wandon ba. Manaja ya lallashe shi, ya yi barazana, daga baya ya sallame shi. Ya koma guga a shagon surukinsa, kuma har Alhaji ya rasu ba wanda ya tayar da zancen a cikinsu. Sanyi ta koma kaye, ta watse a 1993, aka gina sito a filin.

A 2011 Musbahu ya kwashe iyalinsa ya koma Kura. Yana can yana sayar da shadda.